Tarihin Ɗori da Karayar Dattawan Mata a Ƙasar Kano

Gabatarwa

Tun da na ajiye aikin gwamnati na duƙufa wajen tattara tarihin sana'o'in gargajiya na ƙasar Kano, kuma ɗori na cikin waɗanda na fi daɗewa a kansu. Niyyata da farko ita ce in bayyana yadda ake gadon sana'ar da kayan aikinta da sarautarta, in tsaya a nan. Sai dai wasu abubuwa biyu da suka faru a kusa da ni, ɗaya a gidanmu, ɗaya a gidan wani tsohon abokin aikina, suka sauya mini akalar rubutun. A dukkansu dattijuwar mace ce ta karye ba tare da wani ƙwaƙƙwaran dalili ba, aka ɗora ƙashin, kowa ya watse, ba wanda ya tambayi abin da ya sa ya karye. Tarihin wannan tambaya nake son in bi, domin amsarta takan kasance ɗayan biyu: ko dai ƙashin ne ya zaizaye saboda shekaru, ko kuwa wani ciwo ne, musamman ciwon daji na mama, ya yaɗu ya ci shi ta ciki.

Ni ba likita ba ne. Abin da na kawo a nan na samo shi ne daga zama da maɗora, da hira da likitoci, da karance-karance.

Ɗori kafin zuwan asibiti

A ƙasar Hausa ta dā an rarraba aikin magani tsakanin masu sana'a, kowa da fanninsa. Wanzami ke ƙaho da kaciya da cire belu, ungozoma ke karɓar haihuwa, maƙeri ke da maganin ƙuna, masunci ke cire ƙayar kifi daga maƙogwaro, maharbi kuwa shi ya san dafi da makarinsa. Ga kuma malami da boka da magori da 'yar mai ganye. Karaya da targaɗe da gocewar ƙashi kuwa na maɗori ne. Galibi sana'ar gado ce, yaro yakan tashi yana riƙe wa mahaifinsa ƙafar majinyaci har hannunsa ya faɗa, kuma a garuruwa da yawa akwai sarautar Sarkin Ɗori mai shugabantar 'yan sana'ar.

Na ga aikin a jikina a 1971, lokacin da na faɗo daga bishiyar mangwaro na karye a hannun hagu. Kawuna ya ɗauke ni zuwa zauren maɗorin unguwarmu, Allah ya jiƙansa. Ya shafa wurin da yatsunsa yana lalube, ya sa ƙarti biyu suka riƙe ni, ya ja hannun ja guda wanda har gobe ban manta da shi ba, ya mayar da ƙashin mazauninsa. Sannan ya yi tofi, ya shafa man shanu, ya jera karan dawa da aka yanyanka daidai da juna, ya naɗe da tsumma. Ya kafa sharuɗɗa: kada ruwa ya taɓa, kada mai janaba ya matso kusa, a dawo da ni bayan kwana bakwai ya kwance ya duba. Bai yanka kuɗi ba, abin da aka ba shi sadaka ce. Kafin wata biyu na koma hawa bishiya.

Mai karatu zai lura cewa wannan aiki yana bisa hanya. Ƙashi da kansa yake haɗewa, aikin mai ɗori, na gida ko na asibiti, shi ne ya daidaita shi ya kuma hana shi motsi. Ga yaro mai karaya sassauƙa wadda ba ta huda fata ba, hakan yakan wadatar. Wannan ne ya sa jama'a suka amince da maɗora, kuma a ganina amincewar tana da tushe. Inda ake samun ɓarna shi ne idan aka matse ɗaurin har jini ya daina gudu, gaɓar ta kumbura ta yi baƙi ta ruɓe, a ƙarshe sai an yanke, ko kuma karayar da ta yi rauni a buɗe a rufe ta da datti a ciki. Maɗoran kirki sun san da haka, su ma suna kuka da 'yan ci-da-ceto da suka kutsa cikin sana'ar ba gado ba koyo.

Ta fuskar rubutu ma malamanmu ba su bar fannin magani ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan ɗibbu. A duniyar Musulunci kuwa, likitan Andalus Abul Ƙasim Azzahrawi, wanda ya rasu a wajajen 1013, ya keɓe wani sashe na littafinsa Attasrif ga ɗori, ya kuma yi magana a kan yanke ciwon daji na mama tun yana ƙarami. Kai, har tsohuwar takardar fiɗa ta Masar wadda aka kwafa kimanin shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ta haɗa bayanin karaya da na ƙullutun ƙirji a wuri guda.

Zuwan hoto da siminti

Abubuwa biyu ne suka bambanta ɗorin asibiti da na gida. Na farko shi ne filastar da mutanenmu ke kira siminti, wadda wani likitan sojan Holan mai suna Mathijsen ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1850. Na biyu shi ne hoton ƙashi, wanda Bajamushe Röntgen ya gano a 1895. Turawa sun ci Kano a 1903, asibitin birni ya samu a ƙarshen shekarun 1920, amma asibiti na musamman don ƙashi bai zo ba sai a 1959 da aka buɗe na Dala. Na Igbobi a Legas ya girme shi, domin shi ya samo asali ne daga jinyar sojojin Yaƙin Duniya na Biyu. Wata doka ta 1979 ta haɗa waɗannan biyu da na Inugu a ƙarƙashin hukuma ɗaya.

Zuwan asibiti bai kashe ɗori ba. A ƙuruciyarmu abin da ake faɗa shi ne in ka je asibiti za a yanke maka ƙafa, alhali sau da yawa sai ƙafar ta riga ta lalace ake kai ta can. A yau hanyoyin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, har maɗori yakan ce a je a yi hoto a kawo masa ya ɗaga a rana ya duba. Sai dai dukkansu biyun sun ginu ne a kan karayar haɗari, wato ta mota da babur da faɗowa daga gini da ƙwallo. A irin wannan karaya dalili a bayyane yake, babu buƙatar tambaya.

Abin da ya sami yayata

A damunar 2016 yayata, tana da shekara 66, ta zame a bakin banɗaki ta dafa ƙasa da hannu, wuyan hannun ya karye. Muka kai ta wurin maɗori, ɗan wanda ya ɗora ni. Ya yi aikinsa tsaf, ya ce: "Hajiya, tsautsayi ne, Allah ya kiyaye gaba." Domin samun natsuwa muka yi hoto a wani asibiti, aka ce ƙashin ya zauna daidai, aka ba ta maganin ciwo aka sallame mu. Ta warke. Mun lura ta ɗan ranƙwafa, kuma zannuwanta sun fara jan ƙasa, ta daɗe tana kukan ciwon baya, muka ce tsufa ne da sanyi.

A 2019 ta tashi alwalar asuba ta yi tuntuɓe da tabarma ta faɗi a tsakar ɗaki. Wannan karon kwatangwalo ne. Aka yi mata aiki, amma ba ta ƙara taka ƙafarta kamar dā ba, ta yi wata bakwai a kwance, ta rasu. Allah ya jiƙanta. Wani matashin likita da ya duba ta a kwanciyarta ta ƙarshe ya tambaye ni ko ta taɓa karyewa. Da na ba shi labarin 2016 sai ya girgiza kai ya ce: "Baba, ai tun wancan lokaci ya kamata a auna ƙashinta." Ranar na fara jin cewa ana auna ƙashi, ina da shekara kusan sittin, na kuma yi aikin gwamnati fiye da shekara talatin.

Yadda aka gano zaizayar ƙashi

Ƙashi ba busasshen itace ba ne kamar yadda muke ɗauka, abu ne mai rai. A kullum akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke rushe tsohon ƙashi, wasu kuma suna gina sabo, kamar yadda ake yaɓen ginin ƙasa kowace shekara bayan damuna ta zaizaye shi. A ƙuruciya gini ya fi rushewa yawa, har zuwa wajen shekara 30 lokacin da ƙashi ke kai ƙarshen ƙarfinsa. Daga nan sai a fara cin ajiya. Idan rushewa ta yi yawa cikin ƙashin yakan zama rami-rami kamar itacen da gara ta ci, daga waje lafiya lau, ba ciwo ba zazzaɓi, sai ranar da ya karye. Wannan shi nake kira zaizayar ƙashi, likitoci kuwa suna ce masa ostiyoforosis.

An daɗe kafin a gane haka. A 1814 wani likitan Dublin, Abraham Colles, ya siffanta irin karayar wuyan hannun da ta sami yayata, shekara 81 kafin a sami hoto, har yau kuma da sunansa ake kiranta. A shekarun 1820 Astley Cooper na Landan ya lura cewa ƙashin tsofaffi yana yin sauƙi da gautsi, kuma karayar kwatangwalo ta fi samun tsofaffin mata. A wajajen 1830 Bafaranshe Jean Lobstein ya laƙaba wa ramukan suna. Amma dalilin bai fito ba sai a 1940 da 1941, lokacin da Fuller Albright na birnin Boston a Amurka ya ga cewa kusan duk majinyatansa masu wannan larura mata ne da al'adarsu ta ɗauke. Ya danganta abin da raguwar sinadarin istirojin, wanda ke taka wa rushewar ƙashi birki. Shi ya sa mace takan yi asarar ƙashi da sauri a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada.

Saura awo. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna zaizaya sai an rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙashin, don haka hoton da muka yi wa yayata bai isa ba. A 1987 aka fito da na'urar Deksa mai auna kaurin ƙashin baya da na kwatangwalo cikin 'yan mintoci, mutum na kwance da tufafinsa. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da mizani: ana kwatanta ƙashin mutum da na lafiyayyar matashiya, idan makinsa ya sauka ƙasa da sifili da 2.5 ko fiye, to yana da ciwon. A 1995 aka amince da maganin alendironet, ƙwayar da a yau ake sha sau ɗaya a mako kafin karin kumallo, a zauna a miƙe na rabin awa. Daga baya aka sami zoledironik da ake ƙarawa ta jijiya sau ɗaya a shekara. Waɗannan magunguna suna rage karayar ƙashin baya da kimanin rabi ko fiye.

To, ga awo ga magani, amma aka ga ba a amfani da su. Ko a Turai da Amurka, kimanin mutum 8 cikin 10 da suka yi irin wannan karaya ana ɗora su a sallame su ba awo ba magani, domin likitan ƙashi yana ganin ya gama nasa, likitan gida kuma bai san an yi ba. Wannan ya ɗan rage mini zafin abin da ya same mu, tun da ashe ba mu kaɗai ba ne. A 1999 asibitocin birnin Gilasgo a Sikotilan suka fito da wata dabara mai sauƙi, suka ajiye ma'aikaciyar jinya wadda ba ta da wani aiki sai bin sawun duk wanda ya kai shekara 50 ya zo da karaya, ta tabbatar an auna shi, in da buƙata an ɗora shi a kan magani. Gidauniyar yaƙi da wannan ciwo ta duniya ta ɗauki tsarin a 2012 tana yaɗa shi a ƙasashe. Hujjarsu ita ce karaya ta farko tana ninka haɗarin ta biyu, kuma kusan rabin masu karayar kwatangwalo sun taɓa karyewa a baya. Ita kuwa karayar kwatangwalo ba wasa ba ce, kimanin mutum 1 cikin 5 ba sa cika shekara bayanta, saboda gyambon kwanciya da ciwon huhu da daskarewar jini.

An daɗe ana cewa wannan ciwon Turawa ne. Wani bincike da aka buga a 1991 ya sami karayar kwatangwalo kaɗan ƙwarai a Ibadan idan aka kwatanta da Ingila. Amma binciken da aka yi a karkarar Gambiya ya nuna ƙashin tsofaffin mata a can ba shi da kauri. A nawa ra'ayi, duk lissafin da aka ɗauko daga rajistar asibiti kawai ya bar mutanen zauren maɗori a waje, kuma a ƙasarmu su ne masu yawa. Bugu da ƙari muna da namu dalilan. Tuwon dawa da na gero da masara ba su da kalsiyam sosai, kuma binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna cewa gwamewar ƙafafun yara a can ƙarancin kalsiyam ne babban sanadinta, duk da yalwar rana. Nono da miyar kuka da zogale da riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu su ne ke cike wannan giɓi, ga shi kuwa nono ya yi tsada. Ga tsofaffin da ke wuni a ɗaki ba rana ba tafiya. Ga kuma wata sabuwar annoba, ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe da na ciwon gaɓoɓi irin su deksametason da ake saya a kemis a sha wata da watanni, waɗanda kai tsaye suke cin ƙashi.

Inda babu na'urar Deksa ma ba a rasa abin yi ba. Likitoci sun shaida mini cewa tsohon da ya karye a kwatangwalo ko ƙashin baya daga faɗuwar tsaye, karayar kanta hujja ce da za a iya fara masa magani bayan gwajin jini.

Karayar da ke da wani tushe

Labari na biyu na matar abokin aikina ne, mace 'yar shekara 48. Ita ko faɗuwa ba ta yi ba, tukunyar ruwa ta ɗaga damtsenta ya karye. Aka ɗora sau biyu bai haɗe ba. Sai daga baya ta bayyana cewa shekara biyu ke nan tana da ƙullutu a mama, tana shan jiƙo tana shafa wani ƙulli da wata mai magani ke ba ta, kunya da tsoron yanka suka hana ta faɗa wa kowa sai ƙanwarta. Ciwon ya riga ya isa ƙashi. Ba ta shekara ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin likitoci. A 1889 Stephen Paget na Landan ya bi bayanan gawarwakin mata 735 da ciwon daji na mama ya kashe, ya ga cewa yaɗuwar ba ta kan-mai-uwa-da-wabi ba ce, akwai sassan jikin da ta fi so. Ya kwatanta abin da iri da ƙasa, misalin da kowane manomi zai gane: iska tana watsa iri ko'ina, amma sai inda ƙasa ta karɓa yake tsirowa. Ƙashi na cikin ƙasar da ta fi karɓar wannan iri, domin kimanin mata 7 cikin 10 da ciwon ya yi nisa a jikinsu ana samunsa a ƙashinsu. Abin mamaki kuma sinadarin istirojin da ke kare ƙashi shi ne ke ciyar da mafi yawan irin wannan daji. George Beatson, shi ma a Gilasgo, ya nuna alamar haka tun a 1896 da ya cire wa wata majinyaciya ƙwan haihuwa ciwonta ya ja da baya. Saboda haka wasu magungunan yau da ke rage istirojin don kashe dajin suna zaizaye ƙashi, dole a riƙa auna shi, kuma zoledironik ɗin da na ambata ana ba da shi a nan ma. A 2022 an ƙiyasta mata miliyan 2.3 sun kamu da dajin mama a duniya, sama da 30,000 daga ciki a Nijeriya, kuma mafi yawan namu sai ciwon ya yi nisa suke isa asibiti.

Tsirrai da ciwon daji

Abokin nawa ya tsani duk wani maganin gargajiya tun daga lokacin. Na fahimce shi, amma tarihi bai goyi bayansa gaba ɗaya ba. Ilimin itatuwanmu ilimi ne na gaske, har likitan mulkin mallaka J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya biyo da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937, kuma sunan hano a kimiyyance yana ɗauke da sunansa. Haka kuma wasu daga cikin manyan magungunan daji na asibiti daga tsirrai suka fito. A shekarun 1950 aka samo wasu daga wani furen Madagaska. Mafi shahara kuwa shi ne Taxol, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa.

Tun daga 1960 cibiyar binciken daji ta gwamnatin Amurka ta shiga gwada ruwan tsirrai, ta gwada fiye da 100,000 cikin shekara ashirin da 'yan kai. A 1962 wani masanin tsirrai, Arthur Barclay, ya ɓamɓaro ɓawon wata bishiya a dazukan arewa maso yammacin Amurka. Masana biyu, Monroe Wall da Mansukh Wani, suka yi ta tacewa har suka ware sinadarin da ke aiki, suka buga siffarsa a 1971. A 1979 Susan Horwitz ta gano yadda yake hana ƙwayar daji rabuwa. Aka gwada a dabbobi, aka gwada a mutane mataki-mataki don a san adadin da zai yi aiki bai kashe majinyaci ba. Sai a 1992 aka amince da shi, a 1994 kuma aka amince a ba masu dajin mama. Shekara 30 ke nan daga ɓawo zuwa allura. Kuma da majinyaciya za ta jiƙa ɓawon ta sha, da ba ta sami komai ba sai guba, domin sinadarin ɗan mitsitsi ne a cikinsa, ta jijiya kuma ake ba da shi.

Wannan ne ma'aunin da nake son malaman makaranta su riƙe idan suka ji a rediyo ko a waya cewa an gano ganye kaza yana hana dajin mama yaɗuwa. Masana a jami'o'inmu da na waje suna gwada sabara da hano da marke da gwandar daji da zogale da kurkur, aiki ne mai kyau da ya kamata a tallafa. Amma mafi yawan gwajin ana yin sa ne a kan ƙwayoyin daji da ake reno a ɗan faranti, irin su MCF-7 da aka ɗebo daga jikin wata mata a Amurka a 1970, ko kuma a kan ɓeraye. A faranti abubuwa da yawa suna kashe ƙwayar daji ko su hana ta motsi. Tambayar ita ce ko sinadarin zai tsallake ciki da hanta ya isa wurin ciwon da ƙarfinsa, ba tare da ya lalata ƙoda ba. Mafi yawa a nan suke faɗuwa. Har zuwa yau babu wani jiƙo ko gari da aka tabbatar a jikin mutane cewa yana hana dajin mama yaɗuwa. Akasin haka ma, wani bincike na Jami'ar Yale da aka buga a 2018 ya nuna cewa matan da suka bar maganin asibiti suka dogara da wasu hanyoyi kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka fiye da sau 5. Babbar illar jiƙo ita ce watannin da yake cinyewa, domin ƙullutun da za a iya cirewa a warke a watan farko shi ne ke karya damtse bayan shekara biyu.

Komawa zauren maɗori

A bara na koma wurin maɗorin da ya ɗora yayata, wanda yanzu shi ke riƙe da sarautar gidansu. Ban je da ƙorafi ba, domin aikinsa bai yi aibu ba. Na tambaye shi ko yana yawan ganin tsofaffin mata. Ya ce ba mako da zai wuce bai ɗora wuyan hannun wata tsohuwa ba, musamman da damuna, kuma hannunsa yana jin bambanci, ƙashin wasu kamar busasshen kara yake. Ya ce mahaifinsa yakan ce ƙashin tsoho ya sha ruwa, yakan kuma ƙi taɓa kwatangwalon tsoho. Ashe sun daɗe da sanin abin a tafin hannu, suna ne kawai da magani ba su da shi.

Na ba shi labarin ma'aikaciyar jinyar Gilasgo, na ce a ƙasarmu shi ne ke zaune a kujerarta, tun da wurinsa ake fara zuwa. Na roƙe shi abu uku game da duk wanda ya haura shekara 50: ya tambayi yadda aka faɗi, in daga tsaye ne ko ba faɗuwa ma ya tura asibiti a binciki ƙarfin ƙashin bayan ya gama ɗorinsa, ya tambaya ko an taɓa karyewa ko ana shan ƙwayoyin ƙiba da na gaɓoɓi, in mace ce kuma a tambaya ko tana da ƙullutu ko gyambo a mama. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Alhaji, biyun farko ba wuya. Amma ni namiji, ina zan iya yi wa matar mutane wannan tambaya ta uku a gaban mijinta da 'ya'yanta?" Na ce gaskiya ne. Ya ɗan yi tunani ya ce ai dama mata a cikin gida ake kwantar da su, kuma uwargidansa ce ke taya shi riƙe su. Ya aika yaro ya kira ta, ta tsaya daga bayan labule muka gaisa, ya maimaita mata abin da na faɗa. Ta ce wannan ai ba komai ba ne, ita za ta riƙa tambaya idan maza sun fita, sai dai in rubuta mata ranakun da asibiti ke ganin mata masu irin wannan larura, domin kada ta tura mace ta je ta dawo ba a duba ta ba.